Ƙafa da Rairayi: Tarihin Keken Iska

Idan aka dubi tarihin keken iska, wato keken da ake kafa wa babban ƙyalle irin na jirgin ruwa domin iska ta tura shi a tudu, za a ga ƙafafunsa ne suka fi ba masu ƙira wahala. Wajen shekarar 1600 wani masanin lissafi, Simon Stevin, ya ƙera wa Yarima Maurits na Holan irin wannan keke, mai ƙafa huɗu na katako. Ya kwashi mutum fiye da 20 daga Scheveningen zuwa Petten cikin kamar awa 2. Amma sai a bakin teku, inda ruwa ya danne rairayi ya yi tauri, domin a rairayi mai taushi siririyar ƙafa nutsewa take yi.

Sauƙi bai samu ba sai bayan da John Dunlop ya fito da tayar roba mai iska a 1888. Sannu a hankali masu ƙira suka koma ga ƙafa uku: ta gaba don juya keke, biyu na baya kuwa aka ware su nesa da juna don kada iska ta kifar da shi. Taya mai faɗi ta dace da rairayi, siririya kuma da ƙasa mai tauri. A 1967 har an ratsa Sahara da kekunan, daga Bashar ta Aljeriya zuwa Nuwakshot ta Muritaniya. Iska dai kyauta ce, amma ƙasa ita ke zaɓar ƙafa.