Daga Fitilar Gas Zuwa Majigi: Tarihin Wurin Tsallaka Titi

Ka taɓa tsayawa a bakin titi bayan sallar isha'i kana son tsallakawa, ga mota tana tahowa da fitila a kunne? Kai kana ganinta sarai, don haka zuciyarka sai ta raya maka cewa direban ma ya gan ka. Sau da yawa bai gan ka ba. Masu bincike kan gani da dare sun daɗe da gano cewa mai tafiya a ƙasa yakan ɗauka ana hango shi daga nesa fiye da yadda ake hango shi a zahiri.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya ne a ƙasa. A Amurka, inda ake ajiye alƙaluma dalla-dalla, mota ta kashe masu tafiya a ƙasa sama da 7,500 a 2022, kusan uku cikin huɗu kuma a cikin duhu abin ya same su.

Sabuwar dabarar da ake yayi yanzu ita ce a bar dogaro da fenti kaɗai, a kafa majigi a saman turke ya riƙa haska zanen tsallakawa a kan kwalta. Kafin ka yanke hukunci ko dabarar tana da amfani, yana da kyau ka san inda aka fito, domin shekara sama da 150 ke nan ana wannan gwagwarmaya.

Fitilar da ta fashe

A watan Disamba na 1868, tun babu mota, aka kafa danjar farko a duniya kusa da majalisar dokokin Birtaniya a Landan. Wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna John Peake Knight ne ya ƙirƙiro ta, don a riƙa tsayar da kekunan doki mutane su samu su wuce. Da rana hannuwa take ɗagawa irin na layin dogo, da dare kuma a kunna ja da kore da iskar gas. Ba ta yi wata guda cur ba gas ɗin ya yi yoyo, ta fashe, ta ji wa ɗan sandan da ke juya ta rauni. Daga nan aka jingine maganar danja shekaru da dama.

Sai mota ta shigo. Ranar 17 ga Agusta 1896, wata mota ta buge Bridget Driscoll a harabar Crystal Palace a Landan, ta mutu. Ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da aka rubuta mota ta kashe a Birtaniya, kuma gudun motar bai wuce kilomita 6 zuwa 7 a awa ba, wato kamar saurin mutum da ƙafa. Kafin 1934, masu mutuwa a titunan Birtaniya sun haura 7,000 a shekara.

A wannan shekarar ce ministan sufuri Leslie Hore-Belisha ya kawo wuraren tsallakawa na doka. An jera ƙusoshin ƙarfe a kan titi, aka kafa sanda mai baƙi da fari a kowane gefe, da ƙwallo ruwan lemo a samanta. Har yau da sunansa ake kiran waɗannan sanduna. To amma ƙusoshin mai tafiya a ƙasa ne ke ganinsu da kyau, direba kuwa sai ya zo daf.

Haihuwar zebra

Bayan yaƙin duniya na biyu, cibiyar binciken hanyoyi ta Birtaniya ta shiga gwada zane-zane masu faɗi da za a hango daga nesa. A 1949 an gwada su a wurare kusan 1,000, har da mai shuɗi da rawaya. A ƙarshe baƙi da fari ne suka yi nasara, domin su suka fi bambanta a ido. Ranar 31 ga Oktoba 1951 aka buɗe na farko a hukumance a garin Slough. Kamanninsa da jikin jakin dawa ya sa ake ce masa zebra, sunan da ya bi shi har titunan Kano da Kaduna.

Sai dai fenti yana da rauninsa. Taya na goge shi, ƙura na rufe shi, da dare kuma ba ya haske da kansa, sai abin da fitilar mota ta ba shi. Akwai ma abin da ya fi wannan. A farkon shekarun 2000, wani bincike na hukumar manyan hanyoyin Amurka, ƙarƙashin Charles Zegeer, ya kwatanta wuraren tsallakawa 1,000 masu fenti da 1,000 marasa fenti a birane 30. A ƙananan tituna masu layi biyu, ba a ga wani bambanci ba. A manyan tituna masu layi da yawa da cunkoson motoci kuwa, inda aka shafa fenti kawai ba tare da an ƙara komai ba ya fi yawan haɗari. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo gare shi.

Lokacin da titi ya fara haske

Tunda fenti ba ya haske, sai aka fara tunanin sa masa wuta. A tsakiyar shekarun 1990, birnin Santa Rosa na jihar Kalifoniya ya gwada binne ƙananan fitilu a cikin kwalta, a gefe biyu na zanen, masu walƙiya idan mutum zai tsallaka. A 2008 hukumar hanyoyin Amurka ta amince da wata fitila mai ƙiftawa da sauri da ake maƙalawa a jikin allon gefen titi, bayan gwaji a birnin St. Petersburg na Florida ya nuna direbobi na tsayawa fiye da da nesa ba kusa ba.

Abin da ya sauƙaƙa duk wannan shi ne ƙwan LED. Samar da shuɗin LED a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014, shi ya buɗe ƙofar farin haske mai ƙarfi, mai cin wuta kaɗan, mai daɗewa bai mutu ba.

Wayar hannu kuma ta zo da nata. Ganin mutane na tafiya kai a sunkuye, birnin Augsburg na Jamus ya sa fitilu a ƙasa a mashigar jirgin cikin gari a 2016, garin Bodegraven na Holan ya bi sahu a 2017. A 2019, a Ilsan ta Koriya ta Kudu, an haɗa na'urar da ke gano mutum da mota, ta haska gargaɗi a ƙasa daidai inda mai kallon waya ya sa idonsa.

Yadda majigin yake aiki

Dabarar majigin ba a kan titi aka haife ta ba, daga dandalin wasan kwaikwayo aka aro ta. Masu hasken dandali sun daɗe suna sa wani ɗan faifai na ƙarfe ko gilashi a gaban fitila, wanda aka zana wa siffa, haske ya ratsa ta ya fito da siffar a bango. Sunansa gobo. A kan titi ma haka ne: fitilar LED mai ƙarfi, faifai mai zanen zebra, da gilasan da ke daidaita hoton, duk a cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, a rataye a saman titi.

Inda abin ya fi yaɗuwa shi ne Rasha, tun daga ƙarshen shekarun 2010, kuma dalilin a fili yake. Watanni da dama dusar ƙanƙara da caɓi na binne fenti, dare kuma yana da tsawo a lokacin sanyi. Haske kuwa ba ya binnuwa: duk abin da ya kwanta a kan titi, a kansa hoton zai sauka. Masu ƙera motoci ma sun shiga. A 2015 kamfanin Mercedes-Benz ya nuna motar gwaji mai suna F 015 a Las Vegas, wadda ke haska zanen zebra a gabanta don ta nuna wa mutum ya wuce.

Amma kada ƙyalli ya ruɗe ka. Da rana tsaka hasken rana na shanye hoton, don haka har yanzu ana buƙatar fenti. In titi ya jiƙe, wani ɓangaren hasken yana tsallewa kamar a madubi. Gilashin na buƙatar shara, na'urar na buƙatar wuta kowane dare.

Ƙasa aka haska ko mutum?

Ga inda gizo ke saƙa. Mu ɗan yi lissafi tare. Idon direban ƙaramar mota yana kamar mita 1.2 daga ƙasa. In yana nesa da mita 50, zanen da ya kwanta a titi mai faɗin mita 4 zai zame masa siririn layi ne kawai, domin a kaikaice yake kallonsa. Mutum mai tsawon mita 1.7 da ke tsaye a wurin ya fi wannan layin cika ido kusan ninki 20 ta tsaye. Ka ga ke nan mutumin shi ne babban allon da ke wurin, in dai akwai haske a jikinsa.

Hasken da ke saukowa daga sama kai tsaye, kan mutum da kafaɗunsa yake samu, gefen jikinsa da ke fuskantar direba kuma ya zauna cikin inuwa. Saboda haka ne rahoton hukumar hanyoyin Amurka na 2008 kan hasken wuraren tsallakawa ya ba da shawarar a kafa fitila kafin a kai zanen, ta ɓangaren da mota ke tahowa, don hasken ya bugi jikin mutum. Rahoton ya nuna cewa lux 20 a tsaye, a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, ya wadatar a yawancin wurare. Lux shi ne ma'aunin yawan hasken da ke sauka a kan abu.

Yanzu ka tuna binciken Zegeer. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa shi ne zane yakan ba mai tafiya ƙwarin gwiwa alhali bai rage gudun mota ba. In fenti zai iya haka, zane mai ƙyalli da dare ai ya fi shi iyawa. Majigin da ya haska kwalta ya bar mutum a duhu, gyaran gangar auzinawa ne.

Gudu kuma shi ne uwa uba. Motar da ke kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. In direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya taka birki, ya riga ya ci mita 25, birkin ma zai ci wasu kamar 20 a busasshen titi. A kilomita 30 kuwa, duka-duka bai kai mita 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buga yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65.

Mu kuma fa?

Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da ƙurar hunturu da yashin da ruwan damina ke kwasowa kan titi, ga fentin da kan koɗe ba a sabunta ba. Ta wannan fuskar majigi na iya yi mana rana, musamman da fitilun titi masu aiki da hasken rana suka yawaita. Sai dai ƙurar da ke rufe fenti ita ce za ta rufe gilashin majigin da farantin solar, kuma na'urar da ba a ware mata kuɗin gyara ba, kwananta ƙidayayyu ne.

Don haka duk ranar da ka ji an ce za a kawo irin wannan gaban makaranta ko kasuwar unguwarku, ka yi tambaya uku. Shin hasken zai sauka a jikin mai tsallakawa ta inda direba ke kallo? Me aka sa da zai tilasta wa mota rage gudu, tudu ne ko tsibiri a tsakiyar titi inda mutum zai tsaya ya huta? Wa zai riƙa sharewa da gyarawa bayan an gama bikin buɗewa?

Kafin nan, in dare ya yi kana bakin titi, ka ɗauka direba bai gan ka ba har sai ka ga ya rage gudu. In da hali ka sa tufa mai haske, ko ka kunna tocilan wayarka ka riƙe ta ƙasa-ƙasa tana motsi, kuma ka tsallaka ta inda fitilar titi ke haska jikinka.