Bayan sallama daga asibiti: Yadda ake farfaɗo da masu shanyewar ɓarin jiki a gidajensu a Birtaniya

Ranar da aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, iyali kan yi hamdala, a riƙa buga waya gida ana sanar da dangi cewa jiki ya yi sauƙi. Sai an iso bakin ƙofa ake gane abin da ya rage. Yawancin gidajen Birtaniya ɗakin kwana da banɗaki a sama suke, ga matakala mai tsayi, ga mutumin da ƙafarsa ɗaya ba ta ɗaukarsa, hannunsa ɗaya ba ya riƙe buta.

Ƙungiyar Stroke Association ta ƙiyasta cewa ana samun shanyewar ɓarin jiki kusan sau 100,000 a kowace shekara a Birtaniya, kuma mutum sama da miliyan 1.3 ne ke rayuwa bayan ciwon ya same su. Kusan biyu cikin uku na waɗanda suka tsira kan bar asibiti da wata nakasa. Lamarin ya fi kusa da baƙar fata: rajistar masu ciwon da aka soma a kudancin Landan a 1995 ta nuna cewa 'yan asalin Afirka da Karebiya sun kusa ninka Turawa wajen kamuwa, kuma yakan same su da sauran ƙarfinsu. Hawan jini da ciwon suga na cikin manyan dalilai, haka ma ciwon sikila.

Saboda haka ne hukumar lafiya ta NHS ta mayar da babban kaso na aikin farfaɗowa zuwa cikin gidajen mutane.

Me ake nufi da farfaɗowa a gida?

Idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiyar jini ta fashe a cikinta, ƙwayoyin wurin sukan mutu, kuma ba sa dawowa. Abin da ke dawowa shi ne aikin da suke yi, domin sassan da ke kewaye suna iya buɗe sababbin hanyoyi su karɓi nauyin. Maimaici ne ke buɗe waɗannan hanyoyi: ɗaga hannu, miƙewa daga kujera, furta kalma, sau ɗaruruwa a rana. An fi samun saurin ci gaba a watanni uku zuwa shida na farko, ko da yake ana iya ci gaba da samun sauƙi shekaru bayan haka.

A kan wannan aka gina tsarin sallamar wuri tare da tallafi, wanda ya samu gindin zama a Ingila bayan manufar ƙasa kan shanyewar ɓarin jiki ta 2007. Wanda ciwonsa bai yi tsanani sosai ba ana sallamarsa da wuri, sai tawagar ƙwararru ta biyo shi gida, yawanci cikin kwana ɗaya, ta ci gaba da aikin da aka faro a asibiti har kimanin mako shida.

Akwai hujja a bayan tsarin. Nazarin cibiyar Cochrane na 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje 17 da suka ƙunshi mutum fiye da 2,400, ya gano cewa yana rage kwanciyar asibiti da kusan kwana shida. Ya kuma gano cewa a cikin kowane mutum 100, ana samun ƙarin kusan biyar da ke tsallake mutuwa ko dogaro da wasu. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ya koyi tafiya a shimfiɗaɗɗen daɓen asibiti sai ya sake koyo a kan kafet da matakalar gidansa, don haka gara a fara koyon a inda zai zauna.

Su wa ke zuwa gidan?

Likitan fisiyo shi aka fi sani. Aikinsa tsayuwa da tafiya da daidaiton jiki, da hana gaɓoɓi sandarewa. Sai mai koyar da ayyukan yau da kullum, wanda zai duba banɗaki da kicin, ya sa a kafa ƙarfen dafawa, ya koya wa mutum sa riga da hannu ɗaya. Akwai masanin magana da haɗiya, da masanin halayyar ɗan'adam, da ma'aikaciyar jinya mai lura da hawan jini da magunguna da matsalar riƙe fitsari, da gyambon da yawan kwanciya ke haifarwa.

Tambayar farko da tawagar kan yi ita ce me majinyacin ke son ya koma yi. A nan iyalai da yawa kan yi kawaici su ce "duk abin da kuka ga ya dace", alhali amsar ce ke tsara aikin makonni masu zuwa. Dattijon da burinsa ya yi alwala da kansa, ya sauka sujada ya taso, ko ya taka zuwa masallacin Juma'a, ya faɗi haka ƙarara. Sujada da tasowa motsi ne da likitan fisiyo zai iya rarrabawa daki-daki ya koyar, kamar yadda yake koya wa wani komawa aikin lambu.

Batun magana ya fi kowanne sarƙaƙiya. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon kan samu matsalar harshe: mutum na cikin hankalinsa, ya san abin da yake son faɗa, kalmar ce ta ƙi zuwa, ko kuma ya ji magana ya kasa fahimta. Ga mai harshe biyu, ba lallai harsunan su dawo tare ba. Ana samun wanda Turancin da ya yi shekara talatin yana aiki da shi zai yi rauni, Hausar da ya tashi da ita ta fi tsayawa, ana kuma samun akasin haka. Idan da Turanci kaɗai aka gwada shi, za a iya yi masa hukuncin da bai dace da halinsa ba. Iyali na iya neman tafinta, kuma ya fi kyau a nema a kan a ɗora wa ɗa ko 'ya fassarar tambayoyin da uba zai ji nauyin amsawa a gabansu.

Haɗiya kuwa batu ne na rai. Abinci ko ruwan da ya kauce ya shiga huhu na jawo ciwon huhu mai kisa, wani lokaci ba tare da ko tari ba. Masanin haɗiya zai faɗi irin kaurin abin sha da taushin abincin da mutum zai iya. Ba dole ne a koma ga abincin Turawa ba. A nuna masa kunu da tuwo da miyar kuka yadda ake yin su a gidan, shi zai ce wanne ya yi, wanne za a ƙara wa kauri, wanne za a dakata da shi.

Ma'aikaciyar jinya ta musamman

Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa, sannan a shiga neman sauƙi. Wasu cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya sannu a hankali suke ci, kuma mai su zai rayu da su shekaru masu yawa alhali ganin babban likita bai wuce sau ɗaya ko biyu a shekara ba. Wannan tazara ce ma'aikatan jinya na musamman ke cikewa.

Cutar karkarwa ta Parkinson, wadda likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817, ita ce misalin da ya fi fitowa fili. Fiye da mutum 150,000 ke ɗauke da ita a Birtaniya, kuma a yankin Cornwall aka naɗa ma'aikaciyar jinyarta ta farko a 1989. Cutar na tasowa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa suka ragu. Babban maganinta, levodopa, sa'o'i kaɗan yake aiki, shi ya sa wasu ke shan sa sau huɗu ko biyar ko fiye a rana. Jinkiri kaɗan na iya sa mutum ya ƙage ya kasa ɗaga ƙafa. Ma'aunin hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, shi ne a ba majinyacin da ke asibiti ko gidan kula maganinsa cikin minti 30 na lokacin da aka tsara masa. Daina shan sa kwatsam kuma haɗari ne babba, don haka mai niyyar azumi ya zauna da ma'aikaciyar jinyarsa tun kafin watan ya kama.

Akwai wata tambaya da takan yi wadda ke ba iyalai mamaki: ko maigida ya soma caca, ko kashe kuɗi ba lissafi, ko sha'awarsa ta ƙaru fiye da da? Wani rukunin magungunan cutar na iya jawo haka ga mutumin da bai taɓa yi ba. Gidan da ya ɗauki abin a matsayin abin kunya ya rufe, zai iya yin asarar dukiya da zaman lafiya a kan abin da sauya magani ke gyarawa. Tun 2006 ma'aikatan jinyar da suka samu horon da ya dace na da ikon rubuta magani da kansu, saboda haka sau da yawa ba sai an jira likita ba.

Haka aikin yake ga cutar MS, inda garkuwar jiki ke afka wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Idan alamomi suka tsananta, ma'aikaciyar jinya ce ke tantance ko cutar ce ta motsa ko kuwa ciwon mafitsara ne ya tayar da tsofaffin alamomi, domin maganinsu daban ne. A ɓangaren farfaɗiya, ita ce ke zama da mace mai shirin ɗaukar ciki, saboda maganin valproate na iya cutar da ɗan tayi, kuma barin magani ba shawara na iya dawo da faɗuwa.

Inda tsarin ke da giɓi

A takarda ƙa'idar na da kyau. A watan Oktoban 2023 NICE ta ɗaga ma'auni zuwa aƙalla sa'a uku na atisaye a rana, kwana biyar a mako, ga wanda zai iya ɗauka. Ta kuma tanadi a sake duba kowa bayan wata shida, sannan duk shekara. Amma ƙididdigar ƙasa da ake gudanarwa daga King's College London ta sha nuna cewa ƙasa da rabi ne ke samun dubawar wata shidan, kuma kaɗan ne ke samun yawan atisayen da aka tsara. Abin da mutum zai samu ya danganta da unguwar da yake. Wata ƙaramar hukuma tawaga za ta ƙwanƙwasa ƙofa washegari, a maƙwabciyarta a yi watanni ana jira. Ƙarancin ma'aikata ne babban dalili, duk da dubban ma'aikatan jinya da ƙasar ke ɗauka daga Indiya da Filifin da Najeriya.

Sai batun kuɗi, wanda ke rikita ko waɗanda aka haifa a ƙasar. Jinya da atisayen NHS kyauta ne ga mazauna. Taimakon wanka da sa tufafi da girki kuwa a hannun ƙaramar hukuma yake. Akwai tallafin farko na kyauta har zuwa mako shida, bayansa sai a duba abin hannun mutum, kuma a Ingila wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya. Ana iya neman tallafin gyaran gida har fam 30,000, don sa kujerar hawa bene ko sauya banɗaki. Dokar kula ta 2014 ta ba mai jinya, mata ce ko ɗa, haƙƙin a duba nasa buƙatun. Iyayen da suka zo ziyara daga gida ba su cikin wannan: sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an ba da gado a Ingila, lissafi ya fara, kuma kuɗin ya fi wanda ake ƙiyasta wa mazauni da rabi.

Rawar iyali

Tunanin kai aikin farfaɗowa cikin al'umma ba a Turai kaɗai ya tsiro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallata shi bayan taron Alma-Ata na 1978, musamman domin ƙasashen da ba su da isassun ƙwararru, da fatan dangi da maƙwabta za su ɗauki wani kaso. An gwada wani nau'insa a Indiya, inda aka horar da iyalan masu shanyewar ɓarin jiki su yi atisayen da kansu. Sakamakon gwajin, mai mutum 1,250, ya fito a mujallar Lancet a 2017, kuma bayan wata shida ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka horar da iyalansu da sauran ba. Ɗan gajeren horo ga dangi bai maye gurbin tawagar da ke dawowa tana gyara atisaye mako-mako ba.

Duk da haka, ƙwararru sa'a ɗaya ko biyu suke yi su tafi, sauran yinin na iyali ne. A nan tarbiyyarmu kan yi karo da magani. Ɗa nagari ba ya zuba ido mahaifinsa na fama da maɓallin riga, matar kirki ba ta barin miji ya rarrafa ɗauko ruwa. Sai a yi masa komai, hannun da ya kamata ya wahala ya koya ya zauna a cinya, ƙwaƙwalwa ta saba da rashinsa. Tsayawa kusa da shi minti goma yana kokawa da maɓalli ɗaya ya fi wuya a kan sa masa rigar, amma shi ne taimakon. Kada kuma a ja shi ta hannun da ya shanye wajen tayar da shi, domin kafaɗar na iya gocewa.

Akwai kuma matsin da ke zuwa ta waya daga gida, cewa iska ce ko sammu, a kawo shi a yi na gargajiya. Addu'a ba ta hana atisaye, amma tafiyar da za ta cinye watannin farko, ko jiƙon da za a haɗa da maganin tsinka jini ba da sanin likita ba, na iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. Baƙin ciki mai tsanani na kama kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon, kuma a gidajenmu akan fassara shi da rashin tawakkali, alhali yana cikin illolin ciwon kuma ana maganinsa. Haka gajiyar da ba ta jin barci, wadda ake ɗauka lalaci ce.

Idan makonnin tawagar suka ƙare, ƙofa ba ta rufe ba. Wanda ya ga jiki na komawa baya, ko wata sabuwar buƙata ta taso kamar komawa aiki, zai iya neman likitan unguwa ya sake tura shi, wasu yankunan ma suna karɓar kira kai-tsaye daga majinyaci. Tuƙin ƙaramar mota an hana shi na wata guda bayan ciwon, kuma idan akwai sauran rauni a gani ko a gaɓoɓi bayan watan, wajibi ne a sanar da hukumar lasisi ta DVLA. Idan kuwa baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko da na 'yan mintuna ne, 999 ake kira nan take.