Tarihin Tseren Babur na Turɓaya a Ingila da Asalin Ƙorafin Magoya Bayansa

Daga cikin wasannin da Turawan Ingila suka raya a ƙarnin da ya shige, da wuya a sami wanda ma'abotansa suka kai na tseren babur a kan turɓaya, wato sifidiwe, yawan jayayya da hukumar da ke tafiyar da shi. Mutumin da ya shekara 40 yana tsayuwa a kwana guda ta fili guda, yana shaƙar ƙura da ƙaurin mai, shi za ka ji ya fi kowa cewa an ɓata wasan, alhali kuwa mako na zagayowa za ka same shi a gurbinsa. Ƙorafin nan yana da asali, asalinsa kuwa yana cikin yadda aka ɗauki wasan da tun fil'azal na mutum ɗaya ne da baburinsa, aka mayar da shi wasan ƙungiyar gari.

Baburin da ake yin tseren da shi yana da inji mai ƙarfin cc 500 da silinda ɗaya da giya ɗaya, ba ya shan fetur sai metanol, kuma ba shi da birki ko kaɗan. Mahaya huɗu ke fita a kowane karo, su kewaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu, kullum suna karyawa hagu, a gama cikin minti guda ko kusa da haka. Da yake babu birki, idan mahayi ya iso kwana sai ya kwantar da babur, ya saki tayar baya ta zame gefe tana watsa ƙasa, ya miƙa ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe tana shafar turɓaya, yana sarrafa gudun da totur kaɗai. Na fari maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu.

Malaman tarihin wasan sun yi saɓani game da mafarinsa, domin an yi tseren babura a kan ƙasa a Amurka tun gabanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma riwayar da ta fi shahara tana danganta shi da taron da Johnnie Hoskins, mutumin Niyu Zilan, ya shirya a filin baje kolin West Maitland da ke Ostiraliya a watan Disamba na 1923. Daga can ya ƙetaro Ingila, inda aka yi babban taro a High Beech, cikin dajin Epping kusa da Landan, ranar 19 ga Fabrairu 1928, wanda aka ruwaito cewa mutum wajen 30,000 suka halarta. A wannan shekara filaye suka yi ta tsirowa, da dama daga cikinsu a cikin filayen tseren karnuka, mahaya kuwa kowa ta kansa yake yi, yau yana nan gobe yana can. Masu shirya wasan ba su daɗe ba suka fahimci cewa sha'awar kallon baƙon abu ba ta ɗorewa, kuma abin da zai dawo da ma'aikacin masaƙa ko na tashar jirgin ruwa kowane mako da kuɗinsa a hannu shi ne ya ji cewa mahayan nan nasa ne, sunan unguwarsa suke ɗauke da shi a ƙirji. Saboda haka a 1929 aka kafa gasar lig biyu, ta kudu da ta arewa, a 1932 kuma aka haɗa su ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Kulob ɗin Belle Vue na Mancesta, wanda ke raye har yau, tun wannan zamani yake.

Dokoki sun biyo baya ne ɗaya bayan ɗaya, kowace tana zuwa domin maganin wata fitina. Da farko mahaya kan taho a jere a hankali sai a saki tuta, to da yake kowa na satar gaba, sai a yi ta maimaita tashi har 'yan kallo su ƙosa. A 1933 Fred Mockford da Harry Shepherd suka fito da ƙyauren zare wanda ke tashi sama a lokaci guda, mahaya na tsaye a bayansa da kuloci a damƙe. Gasar duniya ta farko, wadda aka yi a Wembley a 1936, ita ma da rigimar ƙa'ida ta fara: Bluey Wilkinson ya ci duk tserensa biyar a daren, amma saboda ana haɗawa da makin da aka taho da shi daga zagayen share fage, sai ya ƙare na uku, Lionel Van Praag ya ɗauki kambi bayan ya doke Eric Langton a tseren raba gardama. Dubban mutane suka koma gida sun ga wanda ya fi kowa gudu da idonsu, lissafi kuma ya ba wani.

Amma mas'alar da ta fi kowace tsawon rai ita ce ta daidaita ƙarfin ƙungiyoyi. Gwanayen mahaya a kowane zamani 'yan kaɗan ne, babur kuwa ba ya ɓoye fifiko, wanda ya fi ka zai riga ka zuwa kwanar farko sau tara cikin goma. Idan kulob mai kuɗi ya tara uku ko huɗu daga cikinsu, sauran sun zama 'yan rakiya, ɗan kallo kuma ba ya biyan kuɗi domin abin da ya riga ya san ƙarshensa. Da aka dawo da lig a 1946 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka tattara mahaya, aka kasa su daraja-daraja, aka rarraba wa ƙungiyoyi shida. Jama'a suka yi ta tururuwa miliyan bisa miliyan a shekarun nan, sai dai rabon bai hana Wembley cin kofi sau bakwai tsakanin 1946 da 1953 ba, haka ita ma Wimbledon ta ci bakwai tsakanin 1954 da 1961. Ga harajin nishaɗi mai nauyi, ga talabijin ya shiga gidaje, filaye suka yi ta rufewa, har Wembley kanta ta janye a 1957 bayan rasuwar shugabanta Sir Arthur Elvin. A 1964 ƙungiyoyi bakwai kacal suka rage a babban lig, ƙaramin lig na larduna kuwa, wanda aka kafa a 1960, ya yi wa hukumar wasan tawaye yana gudanar da harkarsa shi kaɗai. Sai da Lord Shawcross ya yi bincike aka yi sulhu, aka haɗe su a 1965 cikin lig ɗaya mai ƙungiyoyi 18, masu kulob suka kafa ƙungiyarsu ta BSPA, wani kwamiti kuma ya riƙa ɗauke mahayi daga kulob mai ƙarfi yana kai shi mai rauni, ko yana so ko ba ya so.

Daga baya aka bar wannan tilas, aka koma ga haddin maki, wanda shi ake bi har yanzu. Kowane mahayi yana da matsakaicin maki: a raba makin da ya ci da yawan fitarsa, a ninka sau huɗu, mafi girman abin da zai iya samu shi ne 12. Ƙungiya mahaya bakwai ce, kuma idan aka haɗa matsakaicinsu a farkon kaka ba a yarda ya haura haddin da masu kulob suka yanka a taronsu na hunturu ba, wanda a shekarun baya-bayan nan yakan tsaya a kewayen 40. Adadin yana da hujja, domin a karo 14 na farkon wasa maki 84 ake rabawa, watau 42 ga kowane ɓangare idan ƙarfi ya zo ɗaya. Maslahar a bayyane take, illarta kuma ba ta ɓuya ba. A ɗauka kulob ya tsinci yaro mai maki 3, ya yi haƙuri da faɗuwarsa da karayarsa, magoya baya suka yi karo-karo suka saya masa taya da inji, bayan kaka biyu ya kai maki 7, ƙungiya ta ci kofi. To a hunturun nan lissafi zai ce ta yi nauyi, lalle ne a sallami wani, sau da yawa kuwa yaron nan ne ke tafiya. A ganina nan ne magoya baya suka fi gaskiya, domin dokar da ke hukunta wanda ya yi reno, ta saka wa wanda ya iya farautar baƙon mahayi mai ƙaramin maki a takarda da babban gudu a fili, ta kauce wa adalcin da aka kafa ta dominsa. A ƙarshen 2010 rigima kan irin waɗannan ƙa'idoji ta kai ga Coventry, wadda ita ce ta ci kofin shekarar, da Peterborough suka fice daga taron masu kulob, aka shafe hunturu ana ja-in-ja kafin a mayar da su cikin lig.

Ɗan aro ya fi wannan ma ɓata wa mutane rai. Idan gwanin kulob ya ji rauni, rauni kuwa a wannan wasa abin yau da kullum ne, an halatta a ari mahayin wani kulob mai kwatankwacin makinsa ya sa rigarsu na dare ɗaya. Larura ce ta kawo rangwamen, tunda babu wani matashi a benci da zai iya cike gurbin mai maki 9, sai dai rangwamen ya zama al'ada, aka kuma ƙara da barin mahayi ɗaya ya yi wa kulob biyu aiki a lig na sama da na ƙasa. Abin ya yi kama da a ce 'yan Kudu a fagen dambe su ari ɗan damben Arewa ya yi musu kisa yau, jibi kuma ya ɗaura hannu ya fito yana neman nasu. Yaron da uba ya kawo kallo yana tambaya wane ne namu, amsar kuwa tana sauyawa daga mako zuwa mako.

Manajan ƙungiya shi ke shan zargi a bainar jama'a, ko da yake ikonsa ƙanƙane ne. Jadawalin karo 14 na farko daga cikin 15 a rubuce yake tun kafin a kunna inji, masu masauki da hular kwano ja da shuɗiya, baƙi da fara da rawaya. Abin da ya rage masa shi ne ya san lokacin da zai saka ɗan ko-ta-kwana a madadin wanda injinsa ya yi sanyi, da wanda zai zaɓa a karo na 15, da lokacin da zai yi amfani da damar da doka ta ba ƙungiyar da aka bari a baya da maki shida ta sako gwaninta a gurbin mai rauni. 'Yan kallo kuwa ba a yi musu rufa-rufa, domin tsohuwar al'adarsu ce kowa ya zo da allon katako ya maƙala takardar jadawali, yana cike makin kowane karo da alƙalami a tsaye, yana soke sunan wanda aka sauya, yana rubuta lokacin da aka yi. Kafin manaja ya aika wa alƙali da canji, mutum ɗari a bakin shinge sun riga sun lissafa abin da ya kamata ya yi. A 2004 aka shigo da bidi'ar da ta fi kowace shan suka, wato mahayi ya sa hula mai baƙi da fari a ninka masa makinsa idan ƙungiyarsa na baya, domin wasa ya yi zafi a talabijin. Masu allo ba su taɓa karɓar ta ba, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: wanda ya ci karo mafi yawa yana iya tashi ba shi da nasara. An soke ta daga kakar 2018. Wasannin ƙarshe na fid da gwani, waɗanda aka fara a 2002, su sun zauna, duk da cewa a shekarar farko Eastbourne ce ta ƙare a saman teburi, Wolverhampton ta ɗauki kofi.

Alƙalin wasa ma yana da nasa rabon. Ƙa'ida ta wajabta masa, idan aka tsayar da tsere saboda faɗuwa, ya fitar da wanda ya zama sanadi, alhali mutum biyu da ke gudu kafaɗa da kafaɗa ba birki sau da yawa kowannensu yana da kaso a laifin. A wasan ƙarshe na duniya a Los Angeles a 1982, Kenny Carter na Ingila ya faɗi ya shige ƙarƙashin shinge yana fafatawa da Bruce Penhall na Amurka a karo na 14. Alƙali Tore Kittilsen na Norwe ya fitar da Carter, Penhall ya ci kambi ya yi ritaya a daren, kuma har yau ba a sami ijma'i a kan hukuncin ba.

Abin da ya canza lamarin baki ɗaya daga waje ya zo. A zamanin Ove Fundin na Suwidin da Barry Briggs da Ivan Mauger na Niyu Zilan, wanda ya ci duniya sau shida, duk mai son ya zama wani abu sai ya zauna a Ingila ya yi wa kulob guda hidima shekara da shekaru, har Norwich ta ɗauki Fundin tamkar ɗanta. Tun daga 1995, lokacin da aka bar wasan ƙarshe na dare ɗaya aka koma jerin gasar Grand Prix, da kuma bunƙasar lig ɗin Folan mai manyan filaye da kuɗi masu kauri, sai mahayi ya zama matafiyi mai iyayen gida uku ko huɗu a mako guda, Ingila kuwa ta koma neman ranakun da wasu suka bari, har babban lig ɗinta ya tattara wasanninsa a Litinin da Alhamis. Kulob da ya gina jama'arsa a kan daren Asabar ya rasa iyalai masu yara 'yan makaranta. Ban ga laifin mahayi ba a nan, domin sana'a ce mai gajeren zango da haɗari mai yawa: Peter Craven ya rasu sakamakon haɗari a Edinburgh a 1963, Lee Richardson a Wrocław a 2012, Darcy Ward kuma ya shanye a Zielona Góra a 2015 yana kan ganiyarsa.

Mafi yawan kulob ɗin Ingila 'yan haya ne a filayen da ba nasu ba, kuma duk sa'ad da mai ƙasa ya ga gidaje sun fi riba, babu haddin maki da zai cece su. West Ham ta rufe a 1972, Cradley Heath ta rasa filinta a 1995, Coventry bayan kakar 2016, Wolverhampton da Peterborough a ƙarshen 2023. A irin wannan hali mutanen nan masu ƙorafi su ne ke kafa kwamiti, su tara sa hannu, su cika zauren majalisar gari ranar da za a saurari takardar masu gini. A Oxford, inda aka daina tsere a 2007, sun yi shekaru suna hana a rushe filin, har aka sake buɗe shi aka ci gaba da wasa a 2022.