Dutsen Zagami Da Neman Rai A Wata Duniya

Wanda ya tashi daga Birnin Gwari, ya bar dajin Kamuku a bayansa, ya bi hanyar Funtuwa, in ya karkata arewa maso yamma zai shiga ƙasar Faskari. A nan akwai wani dutse da ake kira Zagami. A dā sunan bai wuce bakin masu noma a gindinsa ba, amma yanzu masanan taurari na ƙasashe masu nisa sun san shi sarai.

Ga dalili. Ran Laraba, 3 ga Oktoba 1962, kwana biyu bayan bikin cika shekara biyu da samun mulkin kai, wani manomi yana korar hankaki daga hatsinsa, sai ya ji wata ƙara mai tsanani, iska ta buge shi. Sai ga wani abu ya faɗo tim, tsakaninsu bai fi ƙafa 10 ba, ya nutse cikin ƙasa kamar ƙafa 2. Da aka tono sai aka ga dutse ne, bayansa baƙi ƙirin kamar an gasa, cikinsa toka-toka. Nauyinsa laba 40, watau kilo 18. Aka kai shi Kaduna, ofishin binciken duwatsu da ma'adinai, aka ajiye. Babu wanda ya san daga inda ya fito, kuma ba a sani ba sai bayan shekaru masu yawa.

Kafin a gane asalinsa sai an koma baya kaɗan. Mutanenmu sun daɗe da sanin taurari, kamar su Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta. Malamai masu hisabi kuma sun san wata ja da Larabawa ke kira Mirrihu, Turawa na ce mata Mars. Da aka ƙera madubin hangen nesa sai aka ga ashe ita ma duniya ce, tana da dare da rana kusan daidai da namu, ga ƙanƙara a ƙarshenta na arewa da na kudu. Daga nan tambaya ta taso: shin akwai mai rai a can? A 1877 wani mutumin Italiya, Schiaparelli, ya ce ya hango layuka a kanta. Wani attajirin Amurka, Percival Lowell, ya gina ɗakin duban taurari a 1894, ya yi ta rubuta littattafai yana cewa magudanan ruwa ne waɗanda masu hankali suka haƙa don noman rani. Mutane da yawa suka yarda, don labarin yana da daɗi. Amma a 1965 kumbon Amurka mai suna Mariner 4 ya gitta ta kusa da ita, ya aiko da hotuna, ba magudana ba gona, sai hamada da ramuka.

Masana ba su fid da rai ba. Suka ce ko babu mutane, watakila akwai 'yan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin waɗanda likita ke dubawa a madubi. A 1976 kumbo biyu masu suna Viking suka sauka can, suka ɗebi ƙasa suka gwada. Gwaji ɗaya ya nuna kamar da motsin rai, sauran suka ƙi gaskata shi, galibin masana suka ce aikin sinadarin ƙasar ne kawai. Amma Viking ya yi wani aiki da ya fi wannan amfani: ya auna iskar Mirrihu, ya faɗi abin da ke cikinta da yawan kowanne.

To, a nan ne labari ya komo ƙasar Faskari. Duwatsun da ke faɗowa daga sama galibinsu tsofaffi ne ƙwarai, sun kai shekara miliyan 4,500. Na Zagami kuwa yaro ne a cikinsu, bai fi miliyan 180 ba, kuma narkakken dutse ne da ya daskare, irin na dutse mai aman wuta. Wannan ya nuna daga babbar duniya ya ɓalle. A cikinsa akwai 'yan wurare da suka narke suka zama kamar kwalba, suka kulle iska a ciki. A 1995 aka auna iskar nan, sai ta zo daidai da wadda Viking ya auna. An riga an ga haka a 1983 cikin wani dutse da aka tsinta a Antatika, ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudu, na Zagami ya ƙara ƙarfafa shaida. Masana suka ce wani ƙaton dutse ne ya faɗa wa Mirrihu kamar shekara miliyan 3 da suka wuce, ya watsa gutsattsarinta sama, wannan ya yi ta yawo har ya ƙare a gonar talaka.

Kada mai karatu ya zaci an sami rai a cikinsa. Ba a samu ba. Darajarsa ita ce an ga faɗowarsa, an kuwa ɗauke shi tun ruwan sama da ƙasarmu ba su ɓata shi ba. Amfanin wannan ya bayyana a 1996, sa'ad da waɗansu masanan Amurka suka ce sun ga burbushin ƙwayoyin halitta cikin wani dutsen Mirrihu na Antatika. Har Shugaba Clinton ya fito ya yi jawabi. Amma dutsen ya yi shekara dubu 13 kwance a duniyarmu, aka ce ta yaya za a rarrabe abin da ya zo da shi da abin da ya shige shi a nan? Gardama ta yi tsawo, yawancin masana ba su gamsu ba. A wannan shekara dai aka sa ɗan ɓarɓashin Zagami cikin kumbon Mars Global Surveyor, ya koma yana kewaya duniyar da ya baro.

Abin da ba shi da daɗin ji shi ne yadda dutsen ya bar hannunmu. A ƙarshen shekarun 1980 wani dillalin duwatsun sama na Amurka, Robert Haag, ya sami babban yanki daga cikinsa, aka yayyanka ana sayarwa ƙasa ƙasa. Yaron Faskari ko na Birnin Gwari zai fi saurin ganin hotonsa a littafin Turawa da ya gan shi da ido. Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mirrihu a jihar Agadas, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, ya fi na Zagami girma. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a birnin Niyok, ya tashi dala miliyan 5 da dubu 300, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita ƙasar.

Nema kuwa bai tsaya ba. Wata mota mai sarrafa kanta, Perseverance, ta sauka Mirrihu a Fabrairu 2021, a kwarin wani tsohon tafki da ya ƙafe. A 2024 ta tarar da dutse mai ɗigo-ɗigo, a Satumba 2025 masana suka ce alamun nan suna iya zama sawun ƙwayoyin halitta na dā, suna kuma iya zama aikin sinadari. Ba za a raba gardama ba sai an duba shi a nan. Motar ta huda duwatsu ta ɗura a bututu ta rufe, suna can ba a kawo ko ɗaya ba tukuna. Duk dutsen Mirrihu da ke hannun ɗan Adam a yau, da kansa ya faɗo, kamar na Zagami.