Gidan Makama na Kano

Gidan Makama yana cikin birnin Kano, daf da fadar Sarki. An gina shi a ƙarni na 15, kuma tarihin baka ya danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. An ce a nan ya zauna kafin a kammala Gidan Rumfa, fadar da sarakuna ke zaune ciki har yau.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun mai da gidan ofishinsu na wani lokaci. Daga baya aka raba shi, wani sashe ya zama makaranta, wani kuma gidan adana kayan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya.

Ginin kansa shi ne abin kallo na farko. Katangun ƙasa ne masu kauri, da rufin azara da bakan gizo, ga zanko a kusurwoyi, aikin magina na asali. A zaurukan an jera tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da sulke da lifidi na mayaƙan dawaki, da kayan saƙa, rini da dukanci, da hotunan hawan salla. Akwai kuma ɗakin amarya da jerensa.

  'Yan makaranta na cikin masu yawan ziyartar gidan, kuma a nan yara da dama ke fara ganin lifidi da idonsu.