Lasisin Mai Haɗa Magani a Amurka: Daga New Orleans Zuwa Dokar Emily

A Amurka babu lasisin haɗa magani guda ɗaya da ya game ƙasa. Wanda jihar Texas ta ba takarda, in ya koma Ohio sai ya nemi ta Ohio, galibi ma sai ya zauna jarrabawar dokokin sabuwar jihar. Mu da muka saba da hukuma ɗaya a Abuja tana yi wa kowa rajista, daga mai digiri har mai kemis na unguwa, abin zai zo mana baƙo. Tsarin mulkinsu ne ya bar kula da sana'o'i a hannun jihohi, kowace da hukumarta.

A Louisiana aka fara. New Orleans ta daɗe a hannun Faransa da Sifaniya, inda aka saba jarraba mai sayar da magani kafin ya buɗe shago. A 1816 jihar ta yi doka, kuma Louis Dufilho na cikin waɗanda suka fara cin jarrabawar. Kantinsa na titin Chartres yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi. South Carolina da Georgia sun biyo baya, amma dokokin nan na farko sun fi ƙarfi a takarda. A sauran ƙasar, yaro kan yi shekaru yana daka saiwoyi a turmi yana wanke kwalabe a shagon maigidansa, ranar da ya tara jari ya kafa nasa.

Abin da ya zaburar da masu sana'ar shi ne likitoci. Bayan yaƙin basasar Amurka, likitoci suka fara kai wa majalisun jihohi ƙudurori kan jabun magani da sayar da guba barkatai. Ƙungiyar masu haɗa magunguna, wadda aka kafa a 1852, ta ga in ta yi sanya wasu za su rubuta mata doka. A 1869 John Maisch ya gabatar da daftarin da jihohi za su iya kwafa, Rhode Island ta ɗauka a 1870, kuma kafin 1900 kusan duk jihohi sun yi tasu. Waɗanda ke cikin sana'ar tun da farko an yi musu rajista ba jarrabawa. Sababbin shiga aka matsa wa. Takardar makaranta kuwa sai a 1905 New York ta fara wajabta ta.

Gwamnatin tarayya ba ta taɓa lasisi ba, maganin kansa ta sa wa ido. A 1937 wani ruwan magani mai suna Elixir Sulfanilamide ya kashe mutum fiye da 100, da dama cikinsu yara, abin da ya sa aka yi dokar 1938. A 1951 Carl Durham da Hubert Humphrey, 'yan majalisa biyu da duk sun yi aikin kantin magani, suka kawo gyaran da ya raba magunguna gida biyu: na takardar likita da wanda kowa zai iya saya. Lokacin kamfanoni sun riga sun ƙwace aikin turmi, mai ilmin magani ya koma ƙirga ƙwayoyi da manna takarda. Abin takaici, ƙa'idar ƙungiyarsu da kanta ta hana shi tattauna amfanin magani da majiyyaci, sai a 1969 aka cire hanin. A 1990 dokar tarayya ta tilasta wa jihohi su sa shi yi wa wasu majiyyata bayani, kuma daga 2000 digirin dakta ya zama ƙofar shiga.

Da maigida ya koma ba da shawara, wa ke ƙirga ƙwayoyin? Mataimaki ne, wanda ya daɗe a bayan kanta amma doka ta yi kamar ba ta gan shi ba. Sai a 1995 aka kafa hukumar da ke jarraba mataimaka a faɗin ƙasa, ita ma ba dole ba ce sai jihar da ta ga dama.

Ohio ba ta ga dama ba, har 2006. A shekarar aka kai Emily Jerry, 'yar shekara 2, asibiti don zagayen ƙarshe na maganin ciwon daji, ƙarin da ke jikinta ya kusa ɓacewa. Mataimakiyar da ta haɗa ledar ƙarin ruwan ta cika ta da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 23.4 cikin ɗari, alhali wanda aka saba bai kai kashi 1 ba. Mai lasisin da ke bakin aiki, ga ƙarancin ma'aikata ga oda ta taru, ya duba ya sa hannu. Yarinyar ta rasu bayan 'yan kwanaki. Shi aka ƙwace wa lasisi aka ɗaure wata 6. Ita mataimakiyar ba a gurfanar da ita ba, kuma ba ta da wata takardar jiha da za a ƙwace. A ganina ɗaurin ya yi tsauri, domin ya bar waɗanda suka tsara aikin haka suna gefe. A Janairun 2009 gwamnan Ohio ya sa hannu kan Dokar Emily, wadda ta wajabta jarrabawa da binciken tarihin aikata laifi ga kowane mataimaki.

Daga nan jihohi suka shiga ƙara wa mataimaki aiki gwargwadon horon da suka ɗora masa. Idaho ta fara barinsa yin allurar rigakafi a 2017, kuma a 2020, lokacin korona, gwamnatin tarayya ta buɗe wannan ƙofa a duk ƙasar na wucin gadi. Sai dai har yanzu wata jiha na ƙayyade mataimaka nawa mai lasisi ɗaya zai kula da su, maƙwabciyarta ta bar wa mai kanti ya yanke.