Daga Zabirar Wanzami Zuwa Akwatin Soja: Tarihin Rezar Aski

A hutun da na je gida Zuru, ana kwashe kayan ɗakin kakanmu, sai na ci karo da wata 'yar na'urar ƙarfe a ƙasan akwatinsa. Marfi biyu ne da mariƙi mai zare, ana kwance shi a sa reza a tsakiya a ɗaure. Kakanmu tsohon soja ne, kuma a Zuru wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙasar Dakarkari ta daɗe da yin suna wajen aikin soja. Na wanke ta, na sayo reza a shago, na gwada. Daga nan na fara bin asalinta.

Kafin zuwanta, aski a ƙasar nan aikin wanzami ne. Shi ke zagayawa da zabira, yana wasa askarsa, ya yi aski, ya yi ƙaho, ya yi tsaga. A Turai ma haka abin yake, domin askar da ba ta da kariya sai hannun gwani. A shekarun 1760 wani Bafaranshe, Jean-Jacques Perret, ya yi wa aska kariyar katako. A 1880 'yan'uwan nan na gidan Kampfe a New York suka yi rajistar tasu, amma bakinta sai an riƙa wasawa.

King Camp Gillette ne ya kawo dabarar siririyar reza mai baki biyu, wadda idan ta dakushe sai a jefar. A 1903 na'ura 51 kacal kamfaninsa ya sayar, da reza 168. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1904. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya buɗe masa kasuwa: soja mai gemu abin kare fuska daga iskar guba ba ya zama masa daidai, sai Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyin waɗannan na'urori. Da suka koma gida, suka koma da al'adar aske gemu da kansu.

Rezar farko tana saurin tsatsa. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa. A 1971 Gillette ya kawo mai reza biyu a jere, a 1975 kuma BIC ya kawo ta roba da ake yarwa gaba ɗaya. Tsohuwar ta koma ƙasan akwati.

To, me ya sa za mu waiwaye ta? Dalili na farko yana cikin gashinmu. A na'ura mai reza da yawa, ta farko tana ɗan janyo gashin, ta biyu ta yanke, sai ragowar ya koma ƙasan fata. Gashin da yake murɗaɗɗe irin namu, idan ya tashi tsirowa, yakan lanƙwashe ya soki fata, shi ne kurajen nan da ke cika wuya bayan aski. Reza ɗaya tana yankewa ne daidai saman fata.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, ko da ido bai gan shi ba. Aska ɗaya da ta bi kawuna da yawa ba tare da an tsabtace ta yadda ya kamata ba hanya ce ta yaɗa ta. Rezar da kai kaɗai ka ɓare daga takarda ta toshe wannan ƙofa. Ko wurin wanzami za ka je, tafi da taka.

Idan ka samu irinta a gida, ka tafasa ta tukuna, ka sa sabuwar reza. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi na 'yan mintuna, ka shafa kumfar sabulu, ka bi inda gashi ya kwanta, kar ka danna. Ni dai ranar farko na yanke haɓa, saboda na saba dannawa. Zuwa mako na uku wuyana ya lafa, kuma har yau da ita nake aski.